Kashe faifan ajiyar ko-ta-kwana: Riba da haɗarin da ke ciki

A gidaje da ofisoshi da manyan cibiyoyin adana bayanai a sassan duniya, akwai miliyoyin faya-fayan kwamfuta da ke juyawa dare da rana, alhali kuwa ba a waiwayar abin da ke cikinsu sai jifa-jifa.

Da dama daga cikinsu faya-fayan ko-ta-kwana ne, wato waɗanda ake kwafe muhimman takardu da hotuna da muryoyi a kansu, domin idan faifan da ake aiki da shi ya lalace a samu abin da za a koma gare shi.

Irin wannan faifai kan yi aiki na minti 20 ko sa'a ɗaya a rana, sannan ya shafe sauran sa'o'in yana shan wuta ba tare da ya tsinana komai ba.

Wannan ne ya sa aka daɗe ana muhawara tsakanin masana harkar kwamfuta a kan ko ya fi dacewa a riƙa kashe shi idan ba ya aiki, ko kuwa a bar shi yana juyawa.

Wasu na ganin kashewar tana rage kuɗin wuta, tana kuma tsawaita rayuwar faifan. Wasu kuwa na cewa yawan kunnawa da kashewa shi ne ke saurin hallaka shi. Kowane ɓangare yana da hujja, kuma amsar ta dogara ne a kan sau nawa ake kashewar, da tsawon lokacin da faifan ke ɗauka a kashe.

Yadda faifan ke aiki

Kamfanin IBM na Amurka ne ya fara fito da irin wannan faifai a shekarar 1956. Na'urar tana ɗauke da farantai 50, kowanne faɗinsa inci 24, kuma duka abin da take iya adanawa bai wuce haruffa miliyan biyar ba.

Faifan yau yana shiga tafin hannu, yana kuma ɗaukar ninkin wannan sau miliyoyi, amma tushen aikin bai sauya ba.

A cikinsa akwai farantai da aka shafe da sinadari mai maganaɗisu, da ƙaramin inji mai juya su, da kuma wani hannu mai ɗauke da 'yar allura wadda ke rubuta bayanai tana karanta su.

Ya yi kama da garmaho, sai dai allurar faifan kwamfuta ba ta taɓa farantin. Iskar da juyawar ke tayarwa ce ke ɗaga ta, ta riƙa shawagi a tazarar da ta fi silin gashi siranta sau dubbai.

Yawancin faya-fayan da ake sayarwa jama'a suna juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya. Faifan da ke juyawa sau 7,200 a minti yakan yi juyi fiye da miliyan 10 a kowace rana, ko ana amfani da shi ko ba a yi.

Faifan yana da yanayi huɗu. Akwai lokacin da yake karatu ko rubutu. Akwai lokacin da yake juyawa kawai yana jiran umarni. Akwai yanayin barci, inda farantan ke tsayawa cik amma wuta na shiga allon da ke sarrafa shi. Sannan akwai kashewa baki ɗaya, inda ake zare shi daga wuta da kuma kwamfuta.

Nawa ne wutar da ake tsimi?

Babban faifai mai inci uku da rabi yakan sha wat shida zuwa 10 idan yana aiki, da kimanin wat huɗu zuwa takwas idan yana juyawa kawai. Idan ya yi barci kuwa, akasari ba ya kai wat ɗaya.

Ƙaramin faifai mai inci biyu da rabi, irin wanda ake jonawa da kwamfutar tafi-da-gidanka, wutar da yake sha ba ta wuce wat ɗaya zuwa biyu ba.

A shekara akwai sa'o'i 8,760. Saboda haka faifan da ke shan wat biyar ba tsayawa zai ci kusan yunit 44 a shekara, idan aka tuna cewa yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon sa'a guda.

Idan aka auna da farashin naira 225 a kowane yunit, wanda hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya ta sanya wa masu rukunin A a watan Afrilun 2024, kuɗin bai kai naira 10,000 ba a shekara.

Ga mai faifai ɗaya, wannan ba wani abin tayar da hankali ba ne. Amma lissafin yakan sauya idan faya-fayan suka yi yawa, domin duk wutar da faifai ya sha zafi take komawa, kuma sai an sake kashe wata wutar wajen sanyaya ɗakin.

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa a shekarar 2006 cibiyoyin adana bayanai na ƙasar sun sha yunit biliyan 61, wato kimanin kashi ɗaya da rabi cikin ɗari na wutar ƙasar. Hukumar makamashi ta duniya kuma ta ce a shekarar 2024 irin waɗannan cibiyoyi a duniya baki ɗaya sun sha kimanin yunit biliyan 415.

Masu adawa da kashewa kan yi nuni da cewa tayar da faifai yana cin wuta sosai. Gaskiya ne: a lokacin tashi babban faifai kan ja wat 20 zuwa 30.

To sai dai wannan ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi. Faifan da ya ja wat 25 na tsawon daƙiƙa 10 zai biya wannan bashi da barcin kimanin minti ɗaya. Ta fuskar wuta ke nan, kusan kowane barci riba ne. Matsalar tana wajen lalacewa.

Lalacewa ta fuska biyu

Faifai yana tsufa ta hanyoyi biyu, kuma maganin ɗaya yakan ƙara ɗayar.

Ta farko ita ce tsawon sa'o'in juyawa. Boris ɗin injin yana gudana ne a kan wani siririn mai, kuma zafi da daɗewa suna rage ingancinsa.

Ba kowane faifai aka ƙera domin aikin dare da rana ba. Alal misali, kamfanin Seagate ya gina alkaluman ingancin faya-fayansa na Barracuda a kan aikin sa'o'i 2,400 a shekara, yayin da faya-fayan manyan cibiyoyi aka tsara su a kan sa'o'i 8,760.

Hanya ta biyu ita ce tashi da tsayawa. A lokacin tashi ne injin ke shan wahala mafi girma, kuma sauyawa daga sanyi zuwa zafi yana sa sassan faifan buɗewa da tsukewa.

Tsofaffin faya-fayai sukan sauke allurar a wani keɓaɓɓen wuri a kan farantin idan sun tsaya, kuma masu ƙera su kan ba da tabbacin tashi da tsayawa sau 50,000. Na zamani suna janye allurar zuwa wani matokari a gefen farantin, ana kuma ba su tabbacin janyewa sau 300,000 zuwa 600,000.

Waɗannan alkaluma suna nuna inda iyakar take. Faifan da ake tayarwa sau biyu a rana zai shafe fiye da shekara 60 kafin ya cika 50,000. Wanda ke tashi kowane minti 10 kuwa zai cika adadin cikin ƙasa da shekara ɗaya.

An ga misalin haka da faya-fayan Green na kamfanin Western Digital, waɗanda suka fara fitowa a shekarar 2007. Domin tsimin wuta, an tsara su su janye allura bayan daƙiƙa takwas kacal ba aiki.

A kwamfutocin da ke taɓa faifai a kai a kai, musamman masu amfani da manhajar Linux, masu faya-fayan sun lura adadin janyewar yana hawa da sauri, har wasu suka doshi iyakar cikin ɗan lokaci. Daga baya kamfanin ya samar da wata 'yar manhaja ta tsawaita wannan wa'adi.

Abin da bincike ya gano

Ɗaya daga cikin binciken da aka fi dogaro da shi shi ne wanda injiniyoyin kamfanin Google uku, wato Eduardo Pinheiro da Wolf-Dietrich Weber da Luiz André Barroso, suka wallafa a shekarar 2007, bayan nazarin faya-fayai fiye da 100,000.

Sun gano cewa kashi 1.7 cikin ɗari na faya-fayan kan mutu a shekararsu ta farko, adadin kuma yakan kai kashi 8.6 cikin ɗari ga masu shekara uku.

Abin da ya ba mutane mamaki shi ne, yawan aiki da matsakaicin zafi ba su da alaƙa mai ƙarfi da mutuwar faifai kamar yadda aka zata.

Game da kunnawa da kashewa, ba su ga wani tasiri ba a faya-fayan da ba su wuce shekara biyu ba. A masu shekara uku zuwa sama kuwa, yawan kunnawa ya zo tare da ƙarin mutuwa na fiye da kashi biyu cikin ɗari.

Amma masu binciken sun ja hankali da cewa mai yiwuwa ne kwamfutocin da dama can suke da matsala su ne ake yawan kashewa domin gyara. Haka kuma faya-fayan Google ba a cika kashe su ba, saboda haka ba su kai adadin da zai nuna cikakken tasirin ba.

A wannan shekarar ce kuma Bianca Schroeder da Garth Gibson na Jami'ar Carnegie Mellon suka gano cewa a zahiri ana sauya kashi biyu zuwa huɗu cikin ɗari na faya-fayai a kowace shekara, alhali alkaluman masu ƙerawa suna nuna ƙasa da kashi ɗaya.

Darasin da ke cikin binciken biyu shi ne faifai yana mutuwa ko an lallaɓa shi ko ba a lallaɓa ba, kuma babu tsarin kunnawa ko kashewa da zai maye gurbin ajiye kwafi fiye da ɗaya.

Yadda manyan kamfanoni ke yi

A shekarar 2002, Dennis Colarelli da Dirk Grunwald na Jami'ar Colorado suka gabatar da wani tsari da suka kira MAID, wanda ke nufin tara ɗimbin faya-fayai a bar mafi yawansu suna barci, a tayar da wanda ake buƙata kawai.

Kamfanin Copan Systems ya mayar da wannan tunani haja, inda ba a barin fiye da rubu'in faya-fayan su juya a lokaci guda. Kasuwar ba ta karɓe shi yadda ya yi fata ba, kuma a shekarar 2010 kamfanin SGI ya saye kadarorinsa.

Tunanin ya sake farfaɗowa da bunƙasar shafukan sada zumunta. Kamfanin Facebook ya lura cewa jama'a na kallon hoto ne a kwanakin farko bayan an ɗora shi, daga nan sai a manta da shi, amma duk da haka wajibi ne a adana shi.

A shekarar 2013 kamfanin ya buɗe wata ma'ajiya ta musamman a garin Prineville na jihar Oregon domin kwafin tsofaffin hotuna. Kowane kabad yana ɗauke da faifai 480, kuma a kowace durowa faifai ɗaya ne kaɗai ke samun wuta a lokaci guda. Kamfanin ya ce tsarin yana shan rubu'in wutar da ma'ajiya ta yau da kullum ke sha.

A shekarar 2014 masu bincike na kamfanin Microsoft suka bayyana wani tsari mai suna Pelican, mai faifai 1,152 a kabad ɗaya, wanda kashi takwas cikin ɗari ne kawai ke juyawa a lokaci guda.

A irin waɗannan tsare-tsare ba a barin tashi da barcin faifai ga sa'a. Manhaja ce ke tara buƙatu ta biya su a tashi ɗaya, tana kuma bin faya-fayan lokaci zuwa lokaci tana duba lafiyar abin da ke cikinsu.

Barci daban, zarewa daban

Faifan da ke barci yana nan a jone da kwamfuta, kuma duk abin da ya samu kwamfutar zai iya samunsa.

Idan aradu ta faɗa wa layin wuta, ko wuta ta dawo da ƙarfin da ya wuce ƙima, ba ruwanta da ko farantan na juyawa. Haka ma idan mutum ya goge wani abu bisa kuskure.

Babbar barazana a yau ita ce manhajar garkuwa da bayanai, wadda ke kulle duk abin da ke cikin kwamfuta har sai an biya kuɗin fansa. Irin wannan manhaja takan bi duk faifan da ke jone, ta tayar da mai barci ta kulle shi. A watan Mayun 2017 wadda ake kira WannaCry ta shafi kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe kimanin 150.

Wata guda bayan haka, wata muguwar manhaja mai suna NotPetya ta durƙusar da kwamfutocin Maersk, kamfanin jiragen ruwa na ƙasar Denmak, inda ta jawo masa asarar da ta kai dala miliyan 250 zuwa 300.

Manhajar ta shafe kusan dukkan na'urorin da ke riƙe da rajistar ma'aikata da izinin shiga kwamfutocin kamfanin. Kwafi ɗaya ya tsira a wani ofishinsa da ke Afirka ta Yamma, saboda an ɗauke wuta a can lokacin harin, na'urar kuma ba ta jone da sauran. Da wannan kwafi aka sake gina tsarin.

Ga mai gida ko ƙaramin ofishi, wannan ita ce riba mafi girma ta kashe faifan ko-ta-kwana. Kuɗin wutar kaɗan ne, amma faifan da aka zare aka ajiye ba ya cikin abin da ɓarawon intanet zai iya kai wa hannu.

Haɗarin mantawa

Sai dai ajiye faifai shekara da shekaru ba a kunna ba shi ma yana da nasa haɗarin. Man boris yakan daskare, a tsofaffin faya-fayai allura takan manne wa faranti, laima kuma tana cin allon lantarkin.

A shekarar 2024 kamfanin adana kayan tarihi na Iron Mountain ya bayyana cewa kimanin ɗaya cikin biyar na faya-fayan shekarun 1990 da kamfanonin kiɗa suka kawo masa ba sa karantuwa.

Illar ita ce faifan da ke cikin durowa ba ya ba da labarin rashin lafiyarsa. Sai ranar da aka buƙace shi ake sanin ya mutu, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ma'ajiyar SSD, wadda ba ta da sassa masu juyawa, ba ta kuɓuta daga wannan ba. Tana riƙe bayanai ne da cajin lantarki wanda ke zurarewa a hankali. Ƙa'idar hukumar JEDEC ta tanadi cewa wadda aka ƙera domin jama'a, idan ta kai ƙarshen adadin rubutun da aka ƙayyade mata, ta iya riƙe bayanai na shekara ɗaya ba wuta a zafin digiri 30.

Domin ajiya mai dogon zango, manyan cibiyoyi har yanzu suna amfani da kaset na maganaɗisu samfurin LTO, wanda ba ya shan wuta idan yana kan kanta. Samfurin LTO-9 da ya fito a shekarar 2021 yana ɗaukar terabayit 18.

Yadda ake tsara shi

Manyan manhajojin kwamfuta duka suna da hanyar sa faifai barci. A Windows ana samunta a sashen tsara amfani da wuta, inda aka saba sanya minti 20. Kwamfutocin Mac suna da makamancin wannan zaɓi, masu Linux kuma suna amfani da hdparm ko hd-idle.

Faifan da ake kwafe bayanai a kansa sau ɗaya a rana ya dace da barci, muddin an ba shi wa'adi mai tsawo, kamar minti 30 zuwa sa'a ɗaya. Wanda ake amfani da shi sau ɗaya a mako ko a wata ya fi dacewa a zare shi. Wanda kuwa ake taɓawa a kowace sa'a, barinsa yana juyawa ya fi masa sauƙi.

Sau da yawa wasu manhajoji, kamar masu farautar ƙwayoyin cutar kwamfuta da masu jera sunayen fayiloli, sukan riƙa tayar da faifai ba da sanin mai shi ba. Ana gane haka ta tsarin SMART da ke cikin kowane faifai na zamani, wanda ke ƙirga sa'o'in aiki, da adadin tashi da tsayawa, da adadin janye allura. Manhajoji irin su CrystalDiskInfo da smartmontools suna nuna waɗannan alkaluma kyauta. Idan adadin tashi yana ƙaruwa da gommai a rana, tsarin yana ɓarna ne.

Amma SMART ba ya hango kowace mutuwa. A binciken Google, kashi 36 cikin ɗari na faya-fayan da suka mutu ba su nuna wata alama ba kafin su mutu.

Kafin a zare faifai, wajibi ne a umarci kwamfuta ta sallame shi, a kuma jira farantan su tsaya kafin a ɗaga shi. Faifan da ke ajiye yana buƙatar wuri mai sanyi marar laima, sannan a riƙa fito da shi bayan 'yan watanni, a kunna, a buɗe fayilolin a tabbatar suna karantuwa.

Inda wuta ba ta tsayawa

A ƙasashen da ake yawan ɗauke wuta, kamar Najeriya da Nijar, faifan da aka bari a kunne ba ya samun juyawar dare da rana da masu goyon bayan barinsa ke magana a kai. Wuta ce ke kashe shi tana kunna shi, sau da yawa a tsakiyar rubutu.

Idan wuta ta yanke ba zato, faifan yakan janye allurarsa cikin gaggawa, abin da ya fi janyewar da aka tsara wahalar da shi, kuma bayanan da ba a gama rubutawa ba suna iya ɓaci. A irin wannan yanayi, kunna faifan ko-ta-kwana a lokacin kwafi kawai, a kan na'urar UPS ko inbata, ya fi barinsa ga wutar gari ko janareto.

Ga masu amfani da sola kuwa, tsimin yana da ma'ana ko da faya-fayan ba su da yawa. Faifai huɗu masu shan wat biyar kowanne za su cinye kimanin kashi ɗaya cikin biyar na abin da batir mai bolt 12 da amfiya 100 ke ɗauka, a cikin sa'o'i 12 na dare.

Ko wane tsari mutum ya zaɓa, masana na ba da shawarar bin ƙa'idar 3-2-1, wadda mai ɗaukar hoto ɗan Amurka Peter Krogh ya yaɗa: a mallaki kwafi uku na duk abu mai muhimmanci, a kan nau'in ma'ajiya biyu daban-daban, ɗaya daga ciki kuma a ajiye shi a wani gini na daban.

Faifan ko-ta-kwana da aka kashe yana cike gurbi ɗaya ne daga cikin ukun, kuma amfaninsa yana tsayawa ne a ranar ƙarshe da aka kwafe bayanai a kansa aka kuma duba shi.